Hajiya ta fara ruɗewa da dare, ni kuma na gaji

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 39, 'ya'yana huɗu, kuma ina koyarwa a makarantar firamare. Wata takwas ke nan da mahaifiyarmu ta samu shanyewar ɓarin jiki na hagu. Ta haura shekara 75, dama kuma tana da hawan jini da ciwon suga. Da aka sallame ta daga asibiti sai na ɗauko ta zuwa gidana, don ni kaɗai ce mace a cikinmu. Yayanmu yana Abuja, duk wata yana turo kuɗi. Ƙannena biyu suna nan cikin gari, amma sai ranar Juma'a suke leƙowa. Yau kwana biyar Hajiya ta canza. Da rana ta yi ta barci, da dare ta yi ta surutai tana kiran mahaifinmu da ya rasu, wani lokacin ma ba ta gane ni. Fitsarinta yana wari, abinci sai loma biyu, amma ina ba ta magungunanta yadda aka rubuta. In ta sha ruwa sai ta ƙware. Ga wani wuri a ƙasan bayanta da ya yi ja, yanzu ya fara saluɓewa. Gwaggonmu ta ce iska ce, a bar ƙwayoyin asibiti a koma rubutu da hayaƙi. Maigidana bai ce komai ba, amma na ga ya fara ɗaure fuska. Shekaranjiya da dare na daka wa Hajiya tsawa, tun daga nan na kasa barci don baƙin ciki. Anti, me zan yi? Ina tsoron fushin Allah.

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da mafificin alheri. Na san tsawar nan ce ta fi ci miki rai, kuma zan zo kanta. Amma ba da ita zan fara ba, domin a cikin wasiƙarki akwai abin da ba zai jira gobe ba.

Ki kai Hajiya asibiti yau. Kada ki jira Juma'a ƙannenki su zo, ki kira ɗaya ya nemo mota. Tsohon da yake gane mutane makon jiya, yau ya wayi gari a ruɗe, dare ya zama masa rana, ba gigin tsufa ne ya kama shi ba. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni ko shekaru. Ruɗewar da ta faɗo cikin 'yan kwanaki alama ce ta cewa wani abu ya taso a jiki, kuma sau da yawa abu ne da ake iya magancewa. Yana iya zama ƙwayar cuta a mafitsara ko a huhu, ko ƙarancin ruwa, ko cushewar ciki, ko wani magani da ya yi mata ƙarfi, ko ma shanyewar ce ta sake taɓa ta. Kada ki ce ai jikinta babu zafi. Tsofaffi sukan kamu da cuta mai tsanani ba tare da zazzaɓi ba, ruɗewar ita kaɗai ce za ta nuna.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kin ce ba ta cin abinci amma kina ba ta magungunanta cif. Kin yi haka ne don kiyaye umarnin likita, ba laifinki ba ne. Sai dai an auna ƙwayar suga ne a kan mutumin da yake cin abinci. Wasu daga cikinsu, musamman glibenclamide wadda aka fi sani da Daonil, suna ci gaba da sauke suga ko da ciki babu komai, kuma a jikin tsoho sukan daɗe suna aiki. Sugan da ya yi ƙasa yana kawo gumi, karkarwa, surutai da barci mai nauyi, yana kuma iya kisa. In akwai na'urar gwaji a gida ki auna yanzu. Ƙasa da 70, ko ƙasa da 3.9 a na'urorin da ke amfani da ƙananan lambobi, ya yi ƙasa. In idonta biyu ki shafa mata zuma ko sukarin da aka dama da kauri a cikin kumatu, ku kama hanya. In ba ta cikin hayyacinta kada ki ɗura mata komai a baki. Kuma kada ki sake ba ta ƙwayar suga a kan cikin da babu abinci sai likita ya duba ta ya faɗi yadda za a yi.

In za ku tafi, ki zuba duk abin da take sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na gargajiya, ki ajiye a gaban likita. Ki faɗa masa ranar da abin ya fara da yadda take kafin nan, domin shi bai san ta ba, yana iya ɗauka dama haka take. Ki roƙa a gwada fitsari da suga da ƙoda, a saurari ƙirjinta, kuma ki buɗe bayan da kanki ki nuna masa. Likitocin da suka ƙware a kan tsofaffi kaɗan ne a ƙasar nan. Cibiyar farko da aka ware wa tsofaffi, wadda ke Asibitin Koyarwa na Ibadan, sai a 2012 aka buɗe ta. Saboda haka wanda za ki tarar mai yiwuwa likita ne da layi ya cika masa ƙofa, kuma abin da kika faɗa da bakinki shi zai fi yi masa jagora.

Ƙwarewar nan ma kada ki raina ta. Shanyewar ɓarin jiki takan raunana haɗiya, sai ruwa ko abinci ya riƙa zarcewa huhu, daga nan ciwon huhu ya biyo baya. Yana cikin manyan abubuwan da ke ɗauke masu irin wannan lalura, kuma ba abin mamaki ba ne a ce shi ne ya ruɗa Hajiya. Daga yau kada a ba ta komai tana kwance ko tana gyangyaɗi. A zaunar da ita sosai, a tokare bayanta, a ba ta da ƙaramin cokali, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, sannan ta zauna kamar rabin awa bayan ta gama. Ruwa tsinkakke ya fi saurin ƙware mutum. Abu mai ɗan kauri da santsi, irin kunu, fate mai laushi ko tuwon da aka jiƙa da miyar kuka ko kuɓewa, ya fi sauƙin wucewa. Kunun dai a rage masa sukari. Bayan kowane ci ki duba kumatun hagu, don abinci yakan maƙale a ɓangaren da ya shanye, ki kuma wanke mata baki safe da dare ko da babu haƙori. In likita ya ce a sa mata robar ciyarwa ta hanci na ɗan lokaci, kada ku firgita. Ba alamar an cire rai ba ce.

Sai gyambon kwanciya. A nan nake so ki natsu, domin abin da kika gani a sama yakan fi abin da ke ƙasa ƙanƙanta. Nauyin jiki ne yake danne fata a kan ƙashi har jini ya kasa kaiwa, naman wurin ya fara mutuwa, ga kuma ciwon suga da ke jinkirta warkewa. Babu man da zai warkar da shi muddin ana kwance a kansa. Maganinsa na farko juyi ne, duk bayan awa biyu, dare da rana, daga wannan gefe zuwa wancan, wurin da ya saluɓe kuma a ɗauke masa nauyi gaba ɗaya. A sa matashi tsakanin gwiwoyinta, wani a ƙarƙashin sha-raɓa yadda dugaduganta za su tashi daga katifa. Wajen gyara mata kwanciya a ɗaga ta da zanin gado mutum biyu, kada a ja ta, don jan yana yage fata. Kullum in kina yi mata wanka ki duba ƙeya, allon kafaɗa, gwiwar hannu, kwankwaso, idon sawu da dunduniya. Duk inda ya yi duhu ko ja, ko ya yi tauri ko zafi fiye da kewayensa, gyambo ne ke tahowa. Kada a mulmula wurin, kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a barbaɗa toka ko garin kafso ko wani ƙulli. Ki roƙi ma'aikaciyar jinya ta nuna miki yadda ake wankewa da ruwan gishiri na asibiti da yadda ake rufewa, ki yi a gabanta sau ɗaya ta gani. Famfas in ya jiƙe a canza nan take, a wanke a tsane, a shafa basilin a fatar da ke kewaye, kuma kada ta kwanta a kan leda kai tsaye. Akwai katifa ta iska da ake yi don masu doguwar jinya, tana taimakawa, amma tana son wuta, kuma ba ta ɗauke wa kowa aikin juyi. Gyambo ba ya cikewa sai da abinci mai gina jiki, don haka in ta fara ci a ba ƙwai, wake, kifi da nono muhimmanci, sai dai in likita ya ce ƙodarta ba za ta ɗauka ba.

To ki duba da kyau, ƙanwata. Juyi duk awa biyu har cikin dare, ciyarwa da ƙaramin cokali, wanki, canjin famfas, ga yara huɗu, ga aji na jiranki da safe. Wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, ko a asibiti ma ma'aikatan jinya karɓa-karɓa suke yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kasancewarki mace tilo bai mayar da Hajiya taki ke kaɗai ba, ku huɗu ta haifa.

Ban ga alamar 'yan'uwanki mugaye ne ba. Abin da na fi zato shi ne ba su san nauyin ba. Mai zuwa ranar Juma'a yana tarar da ita an yi mata wanka an shafa mata turare, ya gaishe ta ya tafi da zaton komai lafiya. Yaya kuma yana ganin tunda kuɗi na zuwa ya sauke nasa. Ƙila ke ma in sun tambaya "da sauƙi" kike cewa, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Ki kira Yaya a matsayinsa na babba, ki gode masa a kan abin da yake turowa, sannan ki faɗa masa komai dalla-dalla, har da gyambon, har da cewa ba kya samun barci. Ki roƙe shi ya zo ya haɗa ku zama, don maganar za ta fi tasiri a kan ƙannenku in daga bakinsa ta fito. Kafin zaman ki rubuta abin da ake kashewa a wata, famfas da magani da tsinken gwajin suga da kuɗin mota, ki kuma rubuta ayyukan yini da na dare awa-awa. Ki tafi da buƙata bayyananniya. Kowane ƙane ya ɗauki dare biyu a mako ya kwana kusa da ita. Namiji yana iya juya mahaifiyarsa, ya ɗaga ta, ya ba ta abinci, ya kai ta asibiti, abin da ya shafi tsiraici kawai za a bar wa mata. Yaya da yake nesa ya ɗauki albashin mace mai taimako da za ta riƙa wuni, a koya mata aikin, ya kuma riƙa zuwa yana kwana lokaci-lokaci. Matan ƙannenki in sun taimaka alheri ne, a roƙe su da mutunci, kada a ɗora musu a matsayin dole, don jinyar da aka yi a kan tilas tsohuwar ce za ta ɗanɗana kuɗarta.

In kwanan ƙannenki a gidanki zai takura wa maigida, akwai wasu hanyoyin. Ana iya mayar da Hajiya gidanta na asali tare da mai taimako, ku riƙa karɓa-karɓa a can. Ana iya kuma ta yi wata biyu ko uku a wajenki, ta yi a wajen wani. Wannan ta biyun ban cika son ta ba a yanzu, saboda yawan sauya wuri yana ƙara ruɗa tsoho, sai dai in ta warware. Ki kuma sa ɗaya daga cikinsu ya je hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku ya tambayi yadda ake yi wa tsoho rajista. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta sanya tsofaffi cikin masu rauni da aka tanadar wa asusu na musamman. Ko bai ɗauke komai ba, abin da ya rage ma nasara ce.

Game da Gwaggo, kada ki yi jayayya da ita. Tsoro ne da ƙauna suka sa ta magana, kuma duk wanda ya ga tsohuwa tana kiran mamaci cikin dare, abin da aka saba faɗa shi zai fara zo masa. Ki ce mata kin ji, za a haɗa duka biyun. Addu'a da tofi da karatun Alƙur'ani a kusa da Hajiya a yawaita su, ita Gwaggon ma ki ba ta wannan aikin. Rubutu kuwa ruwa ne tsinkakke, zai iya ƙware ta, sai a shafa mata a jiki ko a zuba kaɗan a cikin kunu. Hayaƙi a bar shi saboda ƙirjinta, jiƙe-jiƙe kuma suna iya taɓa ƙoda ko su yi karo da magungunanta. Wajen da ba za ki sassauta ba shi ne barin maganin hawan jini, domin wanda ya taɓa shanyewa yana cikin haɗarin sakewa, kuma maganin nan ne babban katangarsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani. In kin ga maganar za ta yi miki nauyi, ki bar Yaya ko wani malami da Gwaggo take girmamawa ya faɗa mata.

Maigidanki kuma, mutumin da ya karɓi surukarsa wata takwas bai ce uffan ba ya cancanci a gode masa da baki. Ɗaure fuskar ba lallai ƙin Hajiya ba ne. Yana iya zama kewarki yake yi, ko nauyin aljihu, ko ma tausayinki ne bai san yadda zai faɗa ba. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ki gode masa, ki gaya masa shirin da kike yi da 'yan'uwanki, ki tambaye shi abin da ya fi damunsa da abin da yake ganin ya dace. Wanda aka yi shawara da shi ya fi wanda aka bari yana kallo haƙuri.

Yanzu maganar tsawa. Ba zan ce miki ba komai ba ne, domin ke kanki kin san ayar Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", kuma saninta ne ya hana ki barci. Amma Ubangijin da ya saukar da ita shi ne ya ce ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya, kuma yana ganin dararen da kika raba kina wanke ta kina juya ta. Ki yi istigfari. In ta dawo hayyacinta ki riƙe hannunta ki ce Hajiya ki yafe mini, ba sai kin yi dogon bayani ba. Sannan ki gyara abin da ya jawo, wato rashin barci, don in aka bar mai jinya a haka, tsawar da ta zo sau ɗaya takan dawo. Duk lokacin da kika ji zuciya ta taso, in dai Hajiya tana inda ba za ta faɗo ba, ki fita tsakar gida ki yi alwala ki sha iska, sannan ki koma. In kuma kika ga kuka da rashin cin abinci da ƙuncin rai sun zauna miki har makonni, ke ma ki ga likita.

In tana kiran mahaifinku, kada ki yi ta nanata mata cewa ya rasu, kowane faɗi sabon rashi ne a wajenta. Ki ce mata kina tuna shi ko, ki bi ta da magana mai taushi har ta lafa. Da rana a buɗe taga, a zaunar da ita inda za ta ga haske da jikokinta, a riƙa gaya mata an kira azahar, an kira la'asar. In tana da tabarau a sa mata. Da dare a bar ƙaramar fitila. Kada a ɗaure ta, kada kuma a sayo mata maganin barci irin su Valium a kemis, yana ƙara ruɗewa kuma yana danne numfashi. In an magance abin da ya taso amma makonni suka wuce mantuwar ba ta tafi ba, ki koma ki gaya wa likita, don shanyewar ɓarin jiki kanta tana iya barin ciwon mantuwa, kuma akwai likitocin ƙwaƙwalwa da ke duba wannan a asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika.

Bayan an wuce wannan gargadar, ki riƙa auna jininta a gida kina rubutawa, ki nuna wa likita in yana yawan kaiwa 140 bisa 90 ko fiye. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a abincinta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ba. In ta yi kukan ciwon jiki kada a ba ta diclofenac ko ibuprofen ko haɗin da masu kemis ke ƙullawa, suna cin ƙoda da ciki, suna kuma tayar da jini. Paracetamol ya fi aminci, shi ma bisa ƙa'ida. Ku je wajen masu gashin ƙashi na asibiti su koya muku motsa hannu da ƙafar da suka shanye don kada gaɓoɓin su ƙage, kuma kada a taɓa ɗaga ta ta hannun hagun, kafaɗar na iya gocewa. Lokacin zafin Afrilu da Mayu a riƙa ba ta abin sha a kai a kai ko ba ta nema ba, don tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri. Da hunturu kuma kada a rufe ta a ɗaki da kaskon gawayi. Azumi ba ya kanta a wannan hali, ku tambayi malami yadda za ku ciyar, salla kuma ta yi a zaune ko a kwance gwargwadon ikonta. Duk ranar da kika ga baki ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko wani hannun ya saki, ko numfashi ya yi sauri, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Ki nemi hutun kwana biyu ko uku a makaranta, ki gaya wa shugabarku gaskiyar abin da ake ciki. In an kwantar da Hajiya, ƙannenki su fara karɓar dare tun daga asibitin, ke ki koma gida ki yi barci. Ki sake rubuto mini bayan kun ga likita da kuma bayan zamanku da Yaya, ina son jin yadda aka ƙare. Allah ya tashi kafaɗun Hajiya.